Bashin Fata

Shekara ashirin da uku ina yanka madaci a Katako,
injin zarto bai taɓa ɗanɗana ni ba,
sai ran Talatar da Gyang ya kira ni daga bakin rumfa
na waiwaya.
Waiwaya ɗaya.
Ba zafi na fara ji ba, sanyi ne,
irin na ruwan asuba a Laranto,
sannan na ga garin katako ya yi ja.

Da rigar Gyang aka naɗe hannun har Lamingo.

Dakta Kangyang ba ta kai kafaɗata ba.
Ta ce in dunƙule.
Yatsu suka bi umarni, ban da ƙaramin,
ya tsaya a miƙe
kamar yaron da aka aika ya yi kunnen ƙashi.
Ta ce, “Jijiyar da ke jan sa ta tsinke, ta gudu cikin tafi.
Ka san igiyar guga in ta kuɓuce?
Sai an shiga rijiya.”

Ba su sa ni barci ba.
Allura ta kashe hannun, ni ina ido biyu,
koren ƙyalle a gicciye tsakanina da abin da ke nawa.
Na roƙa a ɗage shi.
Na ce ni ma mai haɗa abu da abu ne.

Ta tsaga fata a karkace, nan hagu, nan dama,
kamar haƙoran abin da ya cije ni,
wai don kada tabo ya ɗaure gaɓa.
Ta kamo jijiyar, fara sol kamar sabon lagwani,
ta zura ta ƙarƙashin zobban da ke jikin ƙashi
yadda ake zura mazagi a wando.
Zare huɗu ta ratsa ta ciki,
ta binne ƙullin a tsaka,
ta bi gefe da ɗinkin da idona bai iya ƙirgawa.
Ni da ke ɓoye kan ƙusa da gam da gari,
na san aiki in na gan shi.

“Lanƙwasa, Malam Tanimu.”
Na lanƙwasa.
Farin abin nan ya zame cikin zobbansa, ya dawo,
bai yi baki ba, bai sarƙe ba.
Wata nas ta yi hamdala da yarensu.

Saura manuniya.
Naman kanta yana can cikin garin katako,
ƙashi na leƙowa.
Ta ce hanya mai sauƙi a rage tsawo a rufe.
Na ce da kan yatsan nan nake jin santsin tebur
kafin in ce wa mai shi ya gamu.
Ta yi shiru, ta juya hannun.
“To, za ta ci bashi wurin maƙwabci.”

Daga bayan yatsan tsakiya ta buɗe fata
kamar ƙyauren taga, gefe ɗaya a maƙale,
ta kifa ta kan raunin, ta ɗinke.
Ramin da ta bari ta cike shi da fatar damtsena:
bashi a kan bashi.
Mako uku yatsun biyu suna manne,
jini ɗaya suke sha,
kafin ta raba su.

Sauran ba labari ba ne, haƙuri ne.
Mako shida cikin ɗauri.
Kowace awa hagu ta lanƙwasa dama sau goma,
ba ɗaukar buta, ba ɓalle maɓalli,
Gyang na ɓata min katako ina kallo.

Yanzu kan manuniyata baƙi ne a tsakiyar fari,
har da gashi biyu da suka biyo fatar,
ba su san an yi ƙaura ba.
Tana jin zafi, tana jin sanyin Jos fiye da kowa,
santsi ne har yau take tantama.

A zaman tahiya in na ɗaga ta
nakan ga facin, hankalina ya ɗan tafi.
Na yi wa Dakta kujera.
Da hagu na shafa ta.